Shirin Gari Kan Sauyin Yanayi: Kada A Yi Mana Aski Ba Ma Nan

Iyayenmu maza da mata, malamanmu, yayyenmu da ƙannenmu, da duk wanda wannan ɗan littafi na ƙarshen shekara ya shiga hannunsa, mu 'yan ajin ƙarshe muna gaishe ku da girmamawa. Bana da aka ba mu fili mun zaɓi mu yi magana a kan ruwa, wanda ke saukowa daga sama da wanda ke tasowa daga teku, da kuma takardun da hukumomin gari ke rubutawa don tarar su. Ra'ayinmu a taƙaice shi ne: duk wani shiri da za a yi wa birnin Lome kan sauyin yanayi, dole mutanen Zongo su kasance a wurin tun ana zana shi, kuma tashi mu je wurin aikinmu ne, ba sai an aiko mana da goron gayyata ba. Idan mun yi kuskuren lafazi a gaban manya, a yi mana afuwa, yara ne mu.

Abin da teku ke yi

Mu fara da bakin ruwa. Gaɓar tekun Togo gajera ce, kamar kilomita 50 ne daga iyakar Gana zuwa iyakar Benin, amma a kanta babban birni yake, a kanta tashar jiragen ruwa take, a kanta kuma hanyar da ta haɗa Ankara ta Gana da Kwatano da Ikko ta bi. Ƙidayar 2022 ta nuna mutanen Togo sun haura miliyan 8, kuma sama da miliyan 2 daga cikinsu a Babban Lome suke zaune.

Igiyar ruwa a wannan gaɓa tana tura rairayi ne daga yamma zuwa gabas. Da can kogin Volta na kawo rairayi mai yawa daga cikin Gana, to sai aka gama madatsar Akosombo a 1965, ta riƙe kaso babba na wannan rairayi. A 1968 kuma aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Lome, doguwar katangarta ta shiga cikin teku ta tare ɗan abin da ke wucewa. Shi ya sa bakin ruwan da ke gaban tsakiyar gari yake ta faɗi, amma daga bayan tasha zuwa gabas, wajen Baguida, Agbodrafo har Aneho, teku ke ta cin ƙasa, a wasu wurare mita da dama a shekara guda. Tsohuwar hanyar Lome zuwa Aneho ruwa ya cinye ta, aka ja da baya aka yi wata, ita ma ya bi ta. Wanda ya je can zai ga rijiyoyin da a da suke tsakar gida yanzu suna tsaye a bakin ruwa kamar turame, ƙasar da ke kewaye da su ta tafi, gidajen ma sun tafi.

Wannan kenan tun kafin a sa lissafin ɗumamar duniya. Masana na Majalisar Ɗinkin Duniya sun auna cewa daga 1901 zuwa 2018 teku ya ƙara tasowa da kamar santimita 20, kuma saurin tasowar ƙaruwa yake yi. Wani zai ce santimita 20 ai bai fi taƙi ɗaya ba. Haka ne, amma a ƙasa shimfiɗaɗɗiya irin ta tsohon garin Lome, wadda ke kwance tsakanin teku da tafki, taƙi ɗaya na nufin igiya ta ƙara shigowa ciki, ruwan kwata ya rasa gangaren da zai bi ya fita, gishiri kuma ya kutsa cikin rijiyoyi. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa lalacewar gaɓar teku ta jawo wa ƙasashe huɗu, wato Benin, Kodebuwa, Senegal da Togo, asarar kusan dala biliyan 3.8 a shekarar 2017 kaɗai. Da tallafin wannan banki ne aka fara shirin WACA a 2018, wanda a ƙarƙashinsa aka jera duwatsu cikin teku aka kuma zuba rairayi daga wajen Agbodrafo zuwa Aneho har cikin Benin.

Mu da ke kan tudu fa?

Mun san abin da wasu iyayenmu za su ce: “Yara, mu a Hedzranawoe kan tudu muke, kusa da filin jirgin sama, ina mu ina teku?” Gaskiya ne igiya ba za ta buga ƙofar gidanmu gobe ba. Amma a duba inda abincinmu ke fitowa. Dilolin gwanjon da ake kwancewa a kasuwar Hedzranawoe ta tasha suke shigowa. Direbobinmu da ke lodi zuwa Wagadugu da Yamai daga tasha suke tashi. Hajiyoyinmu masu sarin kaya a Kwatano hanyar bakin teku suke bi. Ran da wannan hanya ta yanke, tukunyar gidanmu ce za ta fara ji.

Sannan namu ruwan daga sama yake zuwa. Lome ba ta cikin garuruwa masu yawan ruwan sama, abin da ke sauka a shekara bai cika kai milimita 1,000 ba. Damuna biyu gare mu, babba wadda ke tsananta a watan Yuni, da ƙarama wajen Oktoba. Matsalar ita ce ruwan kan zo da ƙarfi cikin ɗan lokaci, ya tarar an yi gini a kan kwarin da a da yake kwanciya, an shafe tsakar gidaje da siminti, kwata kuma ta cika da leda da rairayi. Ina zai je? Sai ɗakin mutane. Idan ya kwanta kwana biyu, masai ya cika ya haɗu da rijiya, sauro ya samu gida, sai zazzaɓi da gudawa, wani lokaci har kwalara. Yaro ya rasa makaranta sati guda, uwa ta rasa ciniki, kuɗin magani kuma ya cinye jarin.

Manyanmu ba su manta 2008 ba, shekarar da ambaliya ta karya gadoji a kan babbar hanyar arewa, ciki har da ta Amakpape da ta Togblekope, aka yanke Lome daga sauran ƙasa, kayan abinci suka yi tsada. A 2010 ma ruwa ya sake mamaye unguwanni da yawa. Maƙwabtanmu na Ankara kuwa, ranar 3 ga Yuni 2015 ambaliya ta haɗu da gobara a wani gidan mai a tsakiyar gari, mutum wajen 150 suka rasu a dare ɗaya. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ga kuma zafi. Watannin Fabrairu da Maris, ajin da ke da rufin kwano ba sili, da azahar wallahi karatu ba ya shiga. Tsofaffi da jarirai da masu ciki su suka fi shan wuya, haka nan masu zemijan da masu talla da ke yini a rana.

Wane ne ke da alƙalami yanzu?

Abin da ya sa muka ce lokacin magana ya yi shi ne mulkin gari ya sauko kusa da mu. Ranar 30 ga Yuni 2019 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi a Togo bayan shekara 32 ba a yi ba, aka samu komin 117 a faɗin ƙasa. Babban Lome na da 13 daga ciki, bakwai na Golfe, shida na Agoe-Nyive, a samansu kuma akwai hukumar gundumar Babban Lome da ake kira DAGL. Unguwarmu tana cikin Golfe 2, kuma mazaunin wannan komin a nan Hedzranawoe yake. Ma'ana, ofishin magajin gari tafiyar ƙafa ce daga gidajenmu.

Kowace komin ana son ta yi shirinta na raya ƙasa. Bayan wannan, garuruwa da dama a Afirka sun shiga rubuta shiri na musamman kan yanayi. Tun 2015 akwai wata yarjejeniya ta magadan gari na ƙasashen kudu da Sahara, da tallafin Tarayyar Turai, kuma Tsevie da ke nan arewa da mu tana cikin garuruwan farko da suka shiga. Dakar da Ankara da Ikko duk sun fitar da nasu shirin.

To mene ne a cikin irin wannan takarda? Sassa uku ne galibi. Na farko lissafin hayaƙin da gari ke fitarwa, daga motoci da babura da gawayi da juji, da yadda za a rage shi. Na biyu lissafin haɗari: wace unguwa ruwa ke ci, wa ke zaune a wurin, me za a gina ko a gyara. Na uku yadda mutane za su samu lantarki da makamashin girki mai tsabta. Daga nan sai a jera ayyuka, a sa wa kowanne kuɗi da lokaci, a tafi neman masu ba da tallafi. Ku lura da wannan wuri da kyau, don nan maganar take: mai ba da kuɗi takarda yake dubawa. Layin da sunansa bai shiga lissafin haɗari ba, ba zai shiga jerin ayyuka ba, kuma kwatarsa ba za ta shiga kasafi ba. Tun ran gini tun ran zane.

Darasin 1977

Mu 'yan Zongo bai kamata a koya mana wannan sau biyu ba. Kakanninmu sun zauna a tsohon Zongo a tsakiyar Lome, suna cinikin shanu da goro, suna saukar da baƙi daga arewa. A 1977 aka tashe unguwar, aka mai da mutane wajen Togblekope, kamar kilomita 15 arewa da gari, inda yanzu ake kira Agoe-Zongo. A filin da suka bari manyan bankuna ne ke tsaye yau. Wani Bafaranshe mai bincike, Michel Agier, ya rubuta littafi a kan 'yan kasuwar wannan Zongo, ya fito a 1983. Sabon wurin kuwa yana gefen kwarin kogin Zio, kuma duk mai dangi a can ya san yadda ake kwana da ido ɗaya idan kogin ya cika.

Ba mun tono wannan don tada tsohon miki ba ne. Mun kawo shi ne don a ga cewa taswirar gari ba wasa ba ce, layi ɗaya da aka ja a ofis yana iya sauya inda jikoki za su kwana shekara hamsin. Shirin yanayi ma zai ja irin waɗannan layuka. Zai ce nan hanyar ruwa ce a rushe, nan za a haƙa tafkin tara ruwa, nan ba a gini, nan masu rumfa su tashi. Wasu daga cikin waɗannan hukunce-hukunce daidai ne, dole a yi su. Amma wa za a tasa, ina za a kai shi, nawa za a biya shi, wannan sai wanda ke zaune a teburin ne zai iya cewa uffan.

Maganganun da muke ji

Akwai masu cewa ruwa na Allah ne, abin da ya ƙaddara ba makawa. Babu mai musun wannan a cikinmu. Sai dai a nan makaranta malamanmu sun karantar da mu labarin Annabi Yusuf, alaihis salam, yadda aka tara hatsi a shekarun yalwa saboda shekarun fari da ke tafe. Wannan ai shiri ne, da lissafi da rumbu da mai kula. Ruwan sama ƙaddara ne, amma ledar da ta toshe kwata hannun mutum ne ya jefa ta.

Akwai masu cewa Turawa da manyan ƙasashe ne suka ɓata sama, su gyara. Akwai gaskiya a ciki, don Afirka gaba ɗaya hayaƙin da take fitarwa bai kai kashi 4 cikin 100 na duniya ba, kuma yarjejeniyar Paris ta 2015 ta ɗora wa ƙasashe masu arziki nauyin tallafa wa irin namu. To amma ko sun biya, kuɗin ta hanyar shiri zai zo, ba za a raba shi a ƙofar masallaci ba. Garin da ya rubuta buƙatarsa dalla-dalla shi zai karɓa.

Akwai kuma masu cewa: “Mu baƙi ne, ba mu da katin zaɓe, wa zai saurare mu?” Da farko, da yawanmu a nan aka haife mu, a nan aka haifi iyayenmu, 'yan ƙasa ne kamar kowa. Na biyu, wanda ma ya zo jiya daga Tawa ko Sakkwato yana biyan tikitin kasuwa, yana biyan haya, yana biyan kuɗin kwasar shara. Ruwa idan ya tashi shiga ɗaki ba ya tambayar takardar kowa, don haka mai lissafin haɗari ma bai kamata ya tambaya ba.

Masu cewa takarda ce kawai, za a rubuta a ajiye a durowa, su ma ba mu raina maganarsu ba, don hakan na faruwa a ƙasashe da yawa. Amma mun ga abubuwan da suka fara a takarda suka zama gaske a garin nan: tafki na huɗu da aka haƙa a gabashin gari don janye ruwa daga unguwanni, da babban wurin binne shara na Akepe da aka buɗe a 2018. Takardar da ke mutuwa a durowa ita ce wadda babu mai zuwa ya tambayi inda aka kwana.

Roƙonmu ga hukumomin gari

Muna roƙo, cikin ladabi, idan za a zauna kan irin wannan shiri a yi zaman a cikin unguwa, a lokacin da mutane za su iya zuwa. Taron ƙarfe goma na safe a otal, 'yar kasuwa ba za ta bar rumfarta ta je ba. A yi bayani da Ewe da Kotokoli da Hausa da Zabarmanci, kada a tsaya ga Faransanci kaɗai. A kira mata musamman, don su ne ke kwashe ruwa da bokiti da tsakar dare, su suka san wane lungu ke fara cika. A liƙa taswirar wuraren haɗari a inda kowa zai gani, don kada mutum ya tara guminsa na shekara ashirin ya sayi fili a hanyar ruwa. A yashe kwatoci da tafkunan tara ruwa tun watan Maris kafin ruwan farko, a kuma kewaye tafkunan saboda yara. Idan dole sai an tashi wani, a faɗa masa da wuri, a nuna masa inda zai koma. Sanarwar hukumar hasashen yanayi da ta hukumar kare jama'a ANPC kuma a riƙa turo ta ga masu unguwa da limamai, cikin minti kaɗan za ta kai kowane gida.

Namu aikin

Ba za mu miƙa wa hukuma doguwar takarda mu koma mu naɗe hannu ba. Mu faɗa wa kanmu gaskiya: bayan biki ko suna ko Maulidi, dubi ledar fiya wata da ake bari a layi. Bayan Babbar Salla, dubi inda ake zubar da tumbi da jini. Akwai gidajen da ke jiran hadari ya haɗu su juye shara a kwata, wai ruwa ya tafi da ita. Ba ta zuwa ko'ina, ƙofar maƙwabci take tsayawa. Tun 2011 gwamnati ta yi dokar hana ledar da ba ta ruɓewa, amma doka ba za ta bi kowa har kicin ba. Hajiya, don Allah in za a je cefane a ɗauki kwando. Alhaji, in za a shafe tsakar gida da siminti a bar wani gefe ƙasa ta sha ruwa, kuma kada a ɗora shago a kan kwata.

Ga iyayenmu maza da shugabannin Zongo, muna roƙon a samu mutum biyu ko uku, da mace a cikinsu, waɗanda aikinsu shi ne bin zaman kwamitin raya unguwa, wato CDQ, da zaman majalisar komin, su dawo su ba jama'a labari bayan sallar Juma'a. Muna da yayye da suka yi jami'ar Lome, sun iya karanta kasafin kuɗi da taswira. A yi amfani da su.

Mu ɗalibai kuma ga abin da muka ɗauka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma babu wanda ya san lungunan unguwar nan kamar yaran da ke bin su safe da yamma. Damuna mai zuwa, in Allah ya kai mu, kowane aji zai riƙe littafi guda. Duk ran da aka yi ruwa mai ƙarfi za mu rubuta kwanan wata, da layin da ruwa ya kwanta, da inda ya kai a jikin bango, da kwana nawa ya yi kafin ya janye, da gida nawa ya shiga. Mai waya a gidansu ya ɗauki hoto, amma daga nesa, ba mu yarda ƙaramin yaro ya shiga ruwa ko ya matsa kusa da tafki ba. Ƙarshen damuna sai mu haɗa, mu juya shi zuwa Faransanci, mu ba shugabanninmu su kai ofishin magajin gari. Wanda ya zo da irin wannan littafi, da ranaku da sunayen layuka, ba a sallamarsa da “sai mun duba”.

Ranar 1 ga Yuni kuma, ranar dashen itace da ake yi a Togo tun 1977, muna so kowane aji ya dasa bishiya ɗaya a harabar makaranta ko ƙofar masallaci, dogon yaro ko mangwaro, ya kuma riƙe amanarta har ta kama. Dasawa ba wuya, rainon ne aiki. Ruwan alwala da ke malala a banza sau biyar a rana ya isa ya shayar da ita, in an ja masa ɗan lambatu zuwa gindinta. Ƙannenmu na ajin farko su za su zauna a inuwar.

Mu da ke rubuta wannan, yawancinmu ba mu kai shekara ashirin ba. Shirin da za a sa wa hannu yau, mu ne za mu zauna a cikin garin da zai haifar, mu yi aure a ciki, mu yi jana'izar iyayenmu a ciki. Shi ya sa muka yi ƙarfin halin yin magana a gaban manya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: hukuma ta buɗe ƙofa, iyaye su shiga, mu kuma mu riƙe musu alƙalami da littafi.

Allah ya ba mu damuna mai albarka, ya tsare garinmu da maƙwabtanmu daga ambaliya, ya saka wa malamanmu da iyayenmu da alheri.

'Yan ajin ƙarshe, Hedzranawoe, Lome